Abin da Ke Ƙarƙashin Koren Fenti

Ku 'ya'yana, akwai maganar da na cusa muku tun kuna ƙanana, kuka haɗiye ta tare da kokon safe: wai baffanku Mamuda, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, ya cinye mana gado. Ni na faɗa muku, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma lokacin da nake faɗa har zuciyata na yarda gaskiya ce. Yau na zauna in kwance abin da na ƙulla. Ba zan iya ba sai na bi ta kan injin nan da ke lulluɓe da tamfol a rumfar gidanmu na unguwar Kpakungu a nan Minna, wanda kuka sha tambayata me ya sa na yi wata biyu ina wanke shi amma ban taɓa tsaga ko guntun katako da shi ba.

Kakanku, Baba, ɗan aikin jirgin ƙasa ne. Mahaifinsa ya biyo dogo daga Kano ya yada zango a Minna, shi kuma ya tashi a wurin gyaran taragu, ya san ƙarfe kafin ya san katako. Da ya bar aiki sai ya sayi injin tsaga katako, irin mai tebur na baƙin ƙarfe, da zarto zagayayye kamar faifai yana leƙowa ta tsakiya. A lokacin duk unguwarmu babu mai irinsa. Kafintoci daga nesa suke turo maɗaci a amalanke su yi layi a ƙofar gidanmu, kuma abin da ke kawo su ba injin kaɗai ba ne, har da sunan Baba. An san shi da tsantseni a aiki har ya kai ga takura. In ya ga ƙusa ɗaya ta karkace a ƙofar da ka gama, sai ya sa ka kwance ta gaba ɗaya, ko da mai ƙofar yana tsaye yana jira. Mu uku ne a ƙarƙashinsa: Yaya Mamuda, da ni, da Bitrus, wani mutumin kudancin Kaduna da ya yi shekara goma sha biyar tare da Baba, yana zaune da iyalinsa a ɗakin ƙofar gidanmu. Bitrus ne mai tura katako bakin zarto, don ya fi mu duka nutsuwa. Ni kuwa an san ni, wuta ce ba a rufe ta da zane.

Wata shekara gab da babbar sallah, aiki ya yi mana yawa, Baba ya tura ni Bida in kafa ƙofofi a wani gida. Mako guda na yi. Ranar da na dawo na tarar da mutane cike da rumfa, ana zuba ƙasa a kan jini. Zarto ya fizgi katako ya haɗa da hannun Bitrus na dama, ya tafi da yatsu huɗu. Da yamma masu jaje suka taru, na ji Baba da kunnena yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma dai Bitrus ya gaji ne, hankalinsa ya tafi wani wuri. Kowa ya gyaɗa kai, don in Baba ya yi magana a kan inji babu mai ƙarawa. Bayan kwana biyu ya rufe rumfa, shi da Yaya kaɗai, suka shafe injin da ragowar koren fentin ƙofar gidanmu. Na ɗauka jinin ne ba ya son gani. Daga nan injin bai ƙara juyawa ba, kullum sai Baba ya ce wuta ba ta da ƙarfi. Bitrus ya warke ya koma gadi a wata makaranta, Baba kuma ya kwanta ciwo, shekara ba ta zagayo ba ya rasu.

A lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ina da sabuwar amarya, wato mahaifiyarku, kuma duk burina yana kan injin nan. Na gama tsara yadda zan tashe shi in dawo da layin amalanke ƙofar gida. Washegarin sadakar arba'in na fito da safe na tarar da rumfa wayam, sai ramuka huɗu a siminti inda ƙafafunsa suke. Yaya yana zaune a benci yana wasa kurfin sassaƙa katako.

"Yaya, ina injin?"

"Na fitar da shi."

"Ka fitar da shi ina? Da izinin wa?"

"Isiyaku, ka bar maganar nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ban bari ba. Na ɗaga murya har maƙwabta suka fito, da baƙin da ba su gama tafiya ba, na nuna shi da yatsa na kira shi ɓarawon gado. Na ce ƙasar kabarin Baba ba ta bushe ba ya fara cefanar da guminsa. Dattawa suka zauna da mu sau uku, suka yi juyin duniya ya faɗi inda ya kai injin da dalilinsa, ya ƙi. Iyakar abin da ya ce shi ne a ba ni rabonsa na gida a madadin injin. Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi, na karɓa ina hura hanci. Ya kwashe iyalinsa ya koma Kagara, garin matarsa. Inna ta yi kuka har ta gaji, bayan shekara biyu ita ma ta bi Baba. A jana'izarta mun tsaya a sahu ɗaya ni da Yaya, kafaɗa tana taɓa kafaɗa, aka sallame na juya ban ba shi hannu ba. Haka muka yi shekara ashirin da huɗu.

Duk tsawon shekarun nan da zarton hannu nake aiki, manyan katakai kuma in kai wa masu inji su tsaga mini. Da muka sayar da gidan Baba muka koma Kpakungu na kafa rumfa a ƙofar gida, ƙwadayin inji bai taɓa sakina ba. Wata rana na je bayan Kasuwar Kure neman ƙarfen ƙafar benci a wurin wani mai gwangwan, Banufe, ana ce masa Ndagi. Can ƙarƙashin tarin tsofaffin gadaje na hango kusurwar tebur na baƙin ƙarfe. An shafe shi da shuɗin fenti mai kauri, an sauya masa ƙafafu, tsatsa ta cinye duk inda fenti bai kai ba. Irinsu da yawa sun shigo ƙasar nan a zamanin da, don haka ban kawo komai a raina ba sai araha.

"Oga kafinta," in ji Ndagi, "gaskiya ne zan fada maka. Wannan inji ya wuce hannun mutum uku, babu wanda ya kunna. Wuta na gida ba ya iya daukan shi, kuma noti na zarto babu. Kowa ya saya sai ya yi masa fenti ya sayar."

Na ce na ji, na gani, ina so. Ƙarti shida suka ɗora shi a mota, ƙarti shida suka sauke shi a rumfata. Mahaifiyarku ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, wannan kuma gawar mene ce ka kawo mana?"

"Abinci ne, Hajara, ki jira ki gani."

"To Allah ya sa ya fi ƙarfin tsatsa. Amma ka sani, ban yarda a taɓa mini kananzir ɗin risho ba."

Na taɓa, kuma kun sani, don kun ci tuwo mai warin kananzir a watannin nan. Kullum in na idar da aikin mutane bayan la'asar sai in zauna da shi. Na kwance shi gunduwa-gunduwa, kowane noti na jefa shi a gwangwanin kananzir ya kwana uku. Tsohon giris ya daskare ya haɗu da garin katako ya zama kamar ƙanzo, da kurfi na riƙa ɓamɓarar sa. A cikin akwatin ƙasa na fitar da sheƙar ɓera da gidan zanzaro har bakwai. Na bi teburin da buroshin waya, na bi da samfefa mai kaushi, na bi da mai laushi, har ƙarfen ya fara nuna fuskarsa. Boris biyu, zobban da sandar zarto ke juyawa a cikinsu, sun mutu murus, na sayo sababbi. Fentin kuwa hawa-hawa yake: na kankare shuɗi na tarar da ja, na kankare ja na tarar da wani ruwan toka. Ina cikin kankarar ruwan tokan ne a ƙarƙashin tebur, ranar wata Laraba, sai kore ya ɓullo.

Hannuna ya tsaya. Kore iri-iri ne a duniya, amma wannan na san shi, na yi shekaru ina tura ƙofa mai launinsa. Na ce wa kaina kada ka zama mahaukaci, Isiyaku. Na jawo buroshi na goge kusurwar hagu ta ciki, inda Baba yake buga alamarsa a duk kayan aikinsa, tun daga guduma har sifana: ɗigo uku a jere, ɗaya a ƙasa. Suna nan. Na shafa su da yatsa, na sake shafawa, na zauna daɓas a cikin garin tsatsa. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Injin Baba ne, ya yi yawonsa na shekara ashirin da huɗu ya dawo hannuna, kuma ni da kaina na yi cinikinsa ban gane shi ba.

Kuna tsammani zuciyata ta yi sanyi? Ina! Da na farfaɗo, fushi ne ya fara zuwa. Na shiga gida ina huci na ce wa mahaifiyarku ga shaida Allah ya kawo har gida, ashe 'yan gwangwan Yaya ya sayar wa da shi kamar tsohon kwano. Ta ce in yi a hankali, shekarun da suka wuce sun isa a bar magana ta kwanta. Na ce ba ta san zafin abin ba. Daga ranar na ƙara ƙaimi. Na ɗauki ma'aunin shaf, wato sandar ƙarfen da zarton ke juyawa a kanta, na kai wa wani mai injin yanka zaren noti ya ƙera mini notin da ya ɓata, don zarensa na hagu ne, ba a samun sa a kasuwa. Na sayi sabon zarto da sabon bel. Na shirya da mai injin niƙa na bayan gidanmu zai ja mini wuta mai ƙarfi daga wurinsa. Na sa ranar Asabar za a kunna, har na gayyaci abokan sana'a su zo su ga injin Baba ya tashi.

Ranar Juma'a da hantsi na zaro shaf ɗin don in sa masa sababbin boris. Shi ne abu na ƙarshe da ban wanke ba. Sai na ga koren fenti a jikinsa, daidai wuyan da ke kusa da mazaunin zarto. Abin ya daure mini kai, don Baba da bakinsa ya sha gaya mana ba a yi wa ƙarfe mai juyawa fenti, fenti mayafin tsaga ne. Na kankare. A ƙarƙashi ƙarfen ya yi sumul, amma launinsa ya ɗan bambanta, kamar tabon ƙuna a fata. Sai na yi masa gwajin da Baba ya koyo a wurin gyaran taragu ya koya mana: na jiƙa shi da kananzir, na goge shi tas ya bushe, na shafe wurin da garin alli, na rataye shi na ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi mai tsawo. Wannan ya ce ƙwal ya yi shiru. Ina tsaye ina kallo, wani siririn baƙin layi ya fara fitowa a cikin farin allin, kananzir ɗin da ya ɓuya a tsaga yana tsattsafowa, ya bi wuyan shaf ɗin ya kusa zagaye shi.

Shaf ɗin ya taɓa karyewa. An yi masa walda, an goge da magagari don kada a gani, waldar kuma ta sake tsagewa. Kuma duk wannan yana ƙarƙashin koren fenti, ba ja ba, ba shuɗi ba. Babu wanda ya taɓa wurin bayan Baba. Kowane kafinta mai inji ya san shaf mai walda ba ya juyawa daidai, zarto zai riƙa rawa, wata rana ya cafki katako ya fizga. Na tuna satin da na yi a Bida. Na tuna ƙasar da ake zubawa a kan jini, da muryar Baba yana cewa hankalin Bitrus ya tafi wani wuri. Mutumin da yake sa a kwance ƙofa saboda ƙusa ɗaya! Ban san na yi ƙara ba sai da na ga mahaifiyarku a kaina da ludayi a hannu tana tambaya ko na yanke ne. Na nuna mata layin, ba ta gane ba. Na ce mata, gobe da warhaka da ni ne a bakin zarton nan. Ranar ko masallacin Juma'a ban san yadda na je na dawo ba.

Asabar ɗin da na sa za a kunna inji, a motar Kagara ta same ni, da shaf a naɗe cikin buhu a kan cinyata. Mun wuce Zungeru, mun wuce Tegina, ina ta shirya maganar da zan fara da ita, ko ɗaya ba ta zauna ba. Da tambaya na gano rumfarsa a gefen kasuwa, yana gyaran ƙafar amalanke. Ya tsufa fiye da yadda na zata, gemunsa fari fat, ya rame, kamanninsa sun koma na Baba sak. Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba. Na kwance buhun na ajiye shaf ɗin a kan bencinsa, allin yana nan a jiki. Ya dubi ƙarfen, ya ɗago ya dube ni, gudumar hannunsa ta faɗi.

"Ka kunna shi?"

Kafin in ba shi amsa ya cafko hannuwana biyu. Ya juya su ciki da baya, yana bin yatsuna ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, bakinsa yana motsi. Sai da ya kai ƙarshe sannan ya sake ni ya zauna.

"Na ce su farfasa shi," ya ce. "Wallahi kyauta na ba 'yan gwangwan, na ce su farfasa shi. Notin ma a rijiya na jefa don kada wani ya ɗaura masa zarto."

Na durƙusa a cikin garin katako, ni da furfurata, mutanen kasuwa suna kallo. Na ce Yaya me ya sa ba ka faɗa mini ba? Kalma ɗaya da ta isa.

"In faɗa maka a gaban wa? A gaban mutanen da suka zo yi wa Baba addu'a? Kai a lokacin in aka gaya maka magana da safe, kafin azahar ta kai tasha. Shaf ya karye ana saura kwana tara sallah, kayan mutane jibge. Sabo sai an aika Legas. Baba ya ce a yi walda a lallaɓa zuwa bayan sallah. Ni na riƙe masa yana yi, Isiyaku, da hannun nan. Da ciwo ya kayar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni: in raba ka da injin nan, kuma in rufa masa asiri. Na ga ba za su yiwu duka ba sai wani ya ɗauki baƙin jini, to ni ne babba."

Na tambaye shi Bitrus fa. Ya ce kafin ya bar Minna ya je ya same shi a wurin gadi ya faɗa masa komai. Bitrus ya yi murmushi ya ce ai ya sani, tun ranar da aka tada injin kunnensa ya ji ƙarar ta sauya, amma ya ga maigida bai ce komai ba, shi ma ya yi shiru. Ya ce mutumin da ya ba shi ɗaki shekara goma sha biyar ba zai tona shi ba. A lokacin da nake jin wannan Bitrus ya yi shekara shida da rasuwa, kuma ni ban taɓa zuwa gaishe shi ba ko sau ɗaya.

Yaya ya yafe mini tun kafin in gama roƙo. Matarsa ta kawo tuwon dawa muka ci a kwano ɗaya. Amma da zan tafi ya riƙe ni a bakin mota ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, har ku. Na ce to sunanka fa? Ya ce sunansa ya riga ya saba da zagi, na Baba kuwa bai saba ba. Na yi alkawarin, kuma kada in yi muku ƙarya, ya yi mini daɗi, don ya hutar da ni tsayawa a gabanku in ce ubanku ya yi shekara ashirin da huɗu yana zagin wanda ya cece shi. Na dawo na ce wa abokan sana'a injin ba shi da lafiya, na ja tamfol na rufe. Kuka ga na fara zuwa Kagara da sallah, kuka ɗauka ni ne mai haƙurin da ya yafe wa ɓarawo, na bar ku a haka. Mahaifiyarku kaɗai ta sani, ita ma na ɗaure mata baki.

Bara Yaya ya rasu. Kun raka ni ta'aziyya, kun zauna a gefen tabarma kamar baƙi, 'ya'yansa suna kawo muku ruwa kuna karɓa da 'yan yatsu. A hanyar dawowa, kai Nura, babban ɗana, kana tuƙi, ka yi ajiyar zuciya ka ce:

"Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa abin da ya ci mana."

Sauran suka ce amin. Na buɗe baki, alkawari ya riƙe mini harshe, na juya ina kallon gonaki har muka shigo Minna. Tun ranar ban ƙara samun sukuni ba. Na auna, na sake aunawa: Baba ya yi kuskure ɗaya cikin matsi, ya yi nadamarsa har ta kwantar da shi, ku roƙa masa gafara kamar yadda nake roƙa masa. Amma ba zan bari jikokin Yaya su gaji sunan da na laƙa masa ba. Na karya alkawarin, in laifi ne yana wuyana, zan amsa shi a gaban wanda na yi wa.

Nura, ga amsar da ban ba ka a mota ba. Baffanku bai ci mana komai ba. Gidan da muka sayar muka gina wannan, rabinsa nasa ne. Yatsun da na riƙe alƙalamin nan da su, waɗanda suka ciyar da ku, goma ne cif, kuma shi ya bar mini su.